Zuwa ga aminina a Agege: wata 5 bayan aikin baya

Tudun Wada, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara baki ɗaya. Ya kasuwa, ya zaman Legas? Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ta hannun ɗan ƙanenka, har da kuɗin da ka haɗo da su. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya bar zumunci. Na kuma ji ƙorafinka, cewa duk sanda ka kira sai in ce maka "jiki da sauƙi" in sauya magana. Gaskiyarka ce. A waya mutum ba ya son ɗora wa na nesa nauyin da ba zai iya saukewa ba, ga shi kuma kusan kullum da masu dubiya a zaune kusa da ni. Shi ya sa na ɗauki takarda. Za ka ga rubutun ba iri ɗaya ba ne, domin ba na iya zaman da ya wuce minti 20 a lokaci guda, sai in tashi in zaga tsakar gida in dawo.

Ka san abin ya faro tun shekara 3 da suka wuce, amma ban taɓa ba ka labarinsa dalla-dalla ba. Daga ƙofar gidana zuwa masallacinmu bai kai mita 200 ba. Sai ya zama kafin in kai rabi ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi, cinyoyi na zugi, tafin ƙafa kamar kiyashi na yawo a ciki. In na zauna a bencin mai shayi na ɗan sunkuya, minti 2 ko 3 sai komai ya lafa, in tashi in ci gaba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne keke. Ina hawa kekena daga nan har kasuwar Sabon Gari in dawo ban ji komai ba, amma tafiyar ƙasa ta gagara. A salla ma haka. Tsayuwa ce azabata, musamman a tarawihi in liman ya ja karatu, amma da na yi ruku'u sai in ji kamar an sauke mini kaya. Ni kaina na rasa yadda zan bayyana wa mutane ciwon da keke ba ya tayar da shi amma tsayuwa tana tayarwa.

Kowa da sunan da ya sa masa. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyin ƙashi, wata gwaggona ta rantse sammu ne. Na sha saiwoyi, an yi mini ƙaho sau 2. Na kuma daɗe ina sayen diclofenac, maganin rage zafin ciwo, a kemis ina sha safe da yamma ba tare da likita ya rubuta mini ba, har cikina ya fara ƙuna. Daga baya aka gaya mini cewa magungunan wannan jinsi suna cin bangon ciki, suna kuma taɓa ƙoda in an daɗe a kansu. Wannan ita ce ɓarnar da na fi nadama a kai, kuma da hannuna na yi ta.

Sai da aka ɗauki hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki, aka ga zahiri. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ashe ƙashin baya ba dunƙulalle ba ne, ƙasusuwa ne a jere, kuma ta tsakiyarsu akwai hanya kamar bututu da laka da jijiyoyi ke bi. A wajen kwankwaso ƙasusuwa 5 ne, kuma tsakanin na 4 da na 5, wurin da suke kira L4 da L5, bututun nawa ya tsuke. Shekaru ne suka kawo haka: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya saki ya turo ciki, gaɓoɓin suka yi kauri, sai jijiyoyin da ke sauka ƙafa suka rasa wurin sakewa. In mutum ya miƙe tsaye hanyar tana ƙara matsewa, in ya sunkuya tana ɗan buɗewa. Nan take na gane sirrin keken da na ruku'un. Wallahi na ji sanyi a raina a ranar, ko da yake ba labari mai daɗi aka ba ni ba. Na daɗe ina zargin kaina da raki, sai ga abin a hoto ƙiri-ƙiri.

Ba a yi saurin kai ni tiyata ba. Sai da na yi watanni ina zuwa gashin ƙashi a asibiti ina shan magani. Da ƙafar hagu ta fara ja, silifa na zamewa ban sani ba, sai likitan ya ce lokaci ya yi. Ka ga masu hana ni! "Malam, kada ka yarda a taɓa maka baya, wanda aka yi wa ba ya sake tashi." Na yi istihara, na yi shawara da uwargida da babban ɗana, na sayar da filina, na sa hannu.

Akwai maganar da likitan ya faɗa mini kafin aikin, har sau 2, kuma saboda ita nake rubuta maka wannan wasiƙa. Ya ce aikin na ƙafa ne, ba na baya ba. Za su cire ɗan ɓangaren ƙashin da ya rufe bututun ta baya domin jijiyoyin su sami fili, kuma ana sa ran ciwon ƙafa ya tafi ko ya ragu sosai, amma ciwon kwankwaso kansa ba lallai ya tafi ba. Na ce na ji. Kunnena ne ya ji, zuciyata kuwa ta riga ta yanke cewa zan fito garau kamar lokacin da muke makarantar Alhudahuda muna hawa Dutsen Kufena ba tare da mun tsaya hutawa ba.

An yi aikin a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Washegari mai gashi ya zo ya tayar da ni, ya ce sai na taka. Na ɗauka bai san abin da aka yi mini ba ne, ashe haka ƙa'idar take, domin kwanciya mai tsawo tana sa jini ya daskare a hanyoyin jinin ƙafa. Na taka har bakin ƙofar ɗaki na dawo. Kwana 5 na yi aka sallame ni, bayan mako 2 aka cire zare. Sharuɗɗa 3 aka gindaya mini na mako 6: ba sunkuyo, ba ɗaukar abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi, ba murɗa jiki. In zan tashi daga gado sai in mirgina gaba ɗaya kamar gungume, in sauke ƙafafu, sannan in tura jiki da hannu.

Sai a lokacin na san cewa rayuwar Bahaushe duk a ƙasa take. Abinci a kan tabarma, hira a kan tabarma, gaida manya a durƙushe, ban ɗaki ma na tsuguno ne. Sai da muka kira mai aikin famfo ya sa mini na zama. Wankin ƙafa a alwala autana ne ya riƙa yi mini, yaron da ni na koya masa alwalar. Yana yi cikin ladabi, bai taɓa ɓata fuska ba, amma ni nakan kawar da kai don kada ya ga idona.

Wanda ya fi yi mini ciwo duka shi ne sujada. Ka duba ikon Allah: da, sunkuyo ne maganina, yanzu shi aka hana ni. Na koma salla a kan kujera. Limaminmu ya zo dubiya ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Na san hadisin, na sha karantar da shi ga ɗalibai, amma sanin hukunci daban, kewar ɗora goshi a ƙasa daban. Ranar da aka ba ni izini, wajen wata 3 bayan aikin, na yi sujada a sallar asuba a ɗakina, na daɗe ban ɗago ba.

To, ga inda nake yau, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙafafuna sun dawo, alhamdu lillahi. Ina tafiya da ƙafa har gindin gadar Ƙofar Doka in dawo, ba na neman bencin kowa. Babban yatsan ƙafar hagu ne kawai har yanzu yake a sage, kuma an ce jijiya tana da jinkirin warkewa, tana iya ɗaukar shekara, wani lokaci ma ba ta dawowa duka. Na yarda da wannan.

Amma bayan nan yana nan. Ba irin zugin da ba ne, wani nauyi ne mai cin rai a ƙasan kwankwaso, yana kwana da ni yana tashi da ni. Yanzu da hunturu ya kankama, ka dai san sanyin Zariya da asuba, nakan tashi jikina a sandare, sai uwargida ta dafa ruwa na gasa wurin da tawul kafin in iya miƙewa sosai. Wata rana ya yi sauƙi har in manta da shi zuwa azahar. Wata rana kuma tun tsakar dare zai tashe ni, in zauna a bakin gado ina jin kiran sallar farko daga masallatai ɗaya bayan ɗaya.

Mutane kuwa sun gama jinyata tuni. Da ina dogara sanda kowa na yi mini sannu, yanzu da aka gan ni ina tafiya sai a ce, "Malam ya warke." In na nemi kujera a wurin ɗaurin aure sai wani ya ce, "Ba an yi maka aiki ba?" Ban ga laifinsu ba, ciwon da ba ya kumburi ba ya jini wuya ne a gaskata shi. Amma yana sa mutum kaɗaici ko a cikin taro. Kuma dole in faɗa maka, ya taɓa halina. Na zama mai saurin fushi. Akwai makonnin da ban son ganin kowa, ban son cin abinci, ina kwance ina lissafin filin da na sayar. Uwargida ce ta zaunar da ni ta ce, "Malam, ciwon naka ne, amma gidan duka yana jin sa." Na ba ta haƙuri. Na kuma gaya wa likita, ya ce wannan damuwar tana yawan tafiya tare da ciwo mai daɗewa, kuma ita ma tana ƙara masa ƙarfi, don haka kada in ɓoye ta.

Wani maƙwabci, da kyakkyawar niyya, ya kawo mini tramadol ya ce in riƙa sha in huta. Na karɓa na yi godiya, na mayar masa washegari. Na ga abin da ƙwayar nan ta yi wa samarin unguwarmu, kuma na san jiki yana sabawa da ita har ya nemi ƙari. Abin da likita ya rubuta kawai nake sha. Maganin jijiyar da ke ciki yana sa ni gyangyaɗi, shi ya sa sai dare.

Abin da ya fi yi mini amfani ba shi da armashi ko kaɗan: tafiya safe da yamma, da motsa jikin da mai gashi ya koya mini don ƙarfafa naman ciki da na baya, kullum, ko ina so ko ba na so. Sai kuma sanin iyaka. A watan jiya na ji ƙarfi, na hau Keke Napep zuwa jana'iza a Samaru, na tsaya har aka gama rufewa, na dawo ta hanya mai gargada. Kwana 3 na yi a kwance. Yanzu a ranar da na ji daɗi ma rabin abin da raina ke so nake yi. Babur kuwa na haƙura da shi gaba ɗaya.

In ka tambaye ni ko na yi da-na-sani, ban yi ba. Da za a mayar da ni baya zan sake sa hannu. Abin da zan sauya kawai shi ne in saurari likitan da zuciyata.

Yanzu bari in zo kanka. A kiranmu na ƙarshe ka ce kai ma ƙafafunka na yi maka nauyi in ka yi tafiya daga shago zuwa gida, ka yi dariya ka ce tsufa ne. Ban yi dariya ba. Don Allah ka lura da abu ɗaya: in ka tsaya cak a tsaye ciwon yana lafawa, ko sai ka zauna ko ka sunkuya? In tsayawa kaɗai ta isa, wataƙila hanyoyin jini ne, kuma da ciwon sukarin da kake fama da shi wannan ba abin wasa ba ne. In kuwa sai ka sunkuya, to ya yi kama da nawa. Ko wanne ne, likita ne zai tantance, ba mai kemis ba. Kuma in ka wayi gari fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓi, kada ka jira gari ya waye sau 2, a kai ka asibiti a ranar. Ka nuna wa Hajiya wannan sakin layin, domin na san halinka, kai kaɗai ba za ka je ba.

Azumi ya matso. Ina sa ran in yi tarawihi a tsaye bana, ko da raka'a 4 ne, sauran a kujera. In Allah Ya kai mu Salla ka yi ƙoƙari ka zo. Ba zan iya tsayuwar kallon Hawan Daushe a ƙofar fada ba, amma zan sa yara su kai mana kujeru gidan yayata a cikin birni, inda dawakai ke wucewa.

Uwargida tana gaida Hajiya, yara suna gaishe ka. Ka gaida mini mutanenmu na Agege da suka yi ta aiko da addu'a. Ka rubuto mini abin da likita ya ce game da ƙafar.

Wassalam.

Naka amini,
daga Tudun Wada