Wanda ya yi katanga jiya bai kamata umarnin kotu ya kare shi yau ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan gurbi a jaridarka domin in yi tsokaci kan umarnin wucin gadi da kotuna ke bayarwa a rikicin filaye, musamman inda wani ke da'awar hauzi, wato mallakar fili saboda daɗewa yana zaune a cikinsa, ko inda aka toshe wa maƙwabci hanyar shiga gidansa ko gonarsa.

Jama'a da yawa sun ɗauka duk wanda ya fito da takardar umarnin nan a hannu ya ci shari'a ke nan. Sam ba haka ba ne. A shari'ar kamfanonin American Cyanamid da Ethicon ta 1975, wadda ƙasashe masu bin tsarin dokar Ingila ke kafa hujja da ita har gobe, alƙali Lord Diplock ya fayyace cewa a wannan mataki alƙali ba ya tantance shaidar wane ce gaskiya. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai ƙwaƙƙwarar magana da ta cancanci a saurara, ko diyyar kuɗi za ta iya share hawayen wanda aka cuta, da kuma wanda zai fi shan wuya in an ba da umarnin ko an hana. Idan ma'auni ya yi kunnen doki, sai a ce kowa ya tsaya inda yake.

To, a nan gizo ke saƙa. Inda yake tun yaushe? A ce mutum ya shekara 20 yana bin wata hanya ta gefen filin maƙwabcinsa zuwa gonarsa, wanda a dokar Ingila ta 1832 da ta Indiya ta 1882 wa'adi ne da ke iya tabbatar masa da haƙƙin wucewa. Dare ɗaya maƙwabcin ya ja katanga, gari na wayewa ya riga shi zuwa kotu. In alƙali ya ce a bar komai yadda yake a ranar shigar da ƙara, katangar ya tsare wa mai ita, shi kuwa mai gona sai dai ya hangi amfaninsa daga nesa yana lalacewa. Kotunan Amurka suna da ma'aunin da na fi gamsuwa da shi: a koma ga halin da ake ciki na ƙarshe lokacin da ake zaman lafiya, kafin rigima ta ɓarke. Da wannan, sai a buɗe hanya tukuna, a ci gaba da shari'a.

Batun hauzi ya fi sarƙaƙiya, don shi zaman da mutum ke yi a filin shi ne hujjarsa. A Indiya shekara 12 ne, a Ingila ma haka ga filin da ba a yi wa rajista ba. A fikihun Malikiyya shekara 10 ne, in mai fili yana nan, yana gani, bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana. Ba wasa ba ne. A 2002 iyalan Graham sun karɓe gonar kamfanin Pye a yankin Berkshire na Ingila ta wannan hanya, bayan yarjejeniyar kiwon da ta kai su wurin ta ƙare suka ci gaba da zama. Dokar rajistar filaye ta Ingila ta 2002 ta tsaurara lamarin: bayan shekara 10 sai mazaunin ya nemi rajista, a sanar da mai fili, shi kuma ya samu damar ƙi. Saboda haka ban ga laifin hana a fitar da tsohon mazauni da ƙarfi kafin hukunci ba. Amma a haɗa masa da nasa takunkumin: ba gini, ba sayarwa, ba sare itatuwa. Wanda kuwa ya shigo watan jiya ya girke bulo, ba hauzi yake yi ba, kutse ne, kuma a ziyarar gani da ido guda alƙali zai gane.

Sai maganar wa'adi. Umarnin da aka bayar ba tare da an ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, a kotunan tarayyar Amurka kwana 14 yake yi ya mutu, sai in an tsawaita shi da dalili. A Indiya doka ta nemi kotu ta yi ƙoƙarin sauraron ɓangarorin biyu cikin kwana 30. Wanda umarni ya yi wa daɗi ba ya gaggawar a gama shari'a, yau lauyansa ba lafiya, gobe shaida ya yi tafiya.

Roƙona ga alƙalai shi ne su rubuta ranar ƙarewa a jikin kowane umarni, su kuma riƙa tilasta alkawarin biyan diyya da mai nema ke ɗauka, idan daga baya ta tabbata ba shi da gaskiya. Kai kuma Edita, a taimaka a ja kunnen wakilanku su daina rubuta cewa kotu ta ba wane fili alhali umarnin wucin gadi kawai aka bayar.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu