Maganar kan jirgin ƙasan nan mai tururi

Salam ƴan uwa. Alhamdulillah masu kan jirgin sun yarda su sayar mana, saura kuɗin tirelar da za ta ɗauko shi, wanda bai tura nasa ba don Allah ya daure. Ni dai tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, ita ce ke hana ni barci, shekara da shekaru ba wuta tsatsa ta cinye bututun ciki, sai an zare su an canza sannan a cika ta da ruwa a matsa fiye da ƙarfin aikinta, in ba yoyo kafin a hura mata kwal. Kar mu yi gaggawa a nan wallahi, tukunya in ta fashe rai take ɗauka. Masu walda da kanikawa ku yi magana. Asabar ƙarfe 9 za mu zauna rabon aiki.