Wasiƙa: Na shiga kulob ɗin tuƙin kwale-kwale ina da shekara 44

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Daga Nottingham ta ƙasar Ingila nake rubuto maka, nan nake zaune da iyalina, kuma duk da nisa ban fasa bibiyarku a waya ba. Ɗan ƙorafi ne da ni kan shafinku na wasanni, kullum ƙwallo ce, in ba Arsenal ba Madrid, sai jefi-jefi ku sako dambe ko kokawa. Ba laifi, nima ina kallo, amma magidanci ko uwar gida da likita ya ce su dinga motsa jiki in suka buɗe shafin nan ba abun da za su ɗauka sai sakamakon wasan da wasu suka buga. Shi yasa na ce bari in ba masu karatu labarin abun da na gani da idona a tuƙin kwale-kwale, wasan da yaro ɗan shekara 12 da tsohuwa 'yar 70 suke yi a kogi ɗaya kowa da irin nasa atisayen.

Shekara uku da suka wuce likita ya ce min suga na yana hanyar hawa ga kuma hawan jini ya fara leƙowa. A daidai lokacin 'yata ta fari, tana da shekara 12, ta dawo daga makaranta da takarda wai wani kulob da ke bakin kogin Trent na ɗaukar yara, ta dame ni sai da na kai ta. Duk Asabar da sassafe ina tsaye a gaɓa cikin sanyi ina jiran ta, har ran nan na ga wata dattijuwa ta fito daga rumfar jirage ɗauke da nata kwale-kwalen a kafaɗa ita kaɗai, siriri ne dogo ya fi mita 8 amma nauyinsa bai wuce kilo 14 da ɗan wani abu ba. Muka gaisa, ta ce shekararta 71 kuma sai da ta kai 58 ta fara, ta tambaye ni me ya hana ni shiga maimakon tsayuwa. Na ce mata ai na girma, sannan ban iya ruwa ba. Ta ce duka biyun ba hujja ba ce, akwai ajin manya 'yan koyo.

Maganar rashin iya ruwa kuwa gaskiya ce, a Kano na tashi, kuma duk wanda ya tashi a cikin gari ya san dukan da ake sha in aka ji ka je kududdufi. Toh nan ba sa barin ka hau jirgi haka kawai, sai ka nuna za ka iya iyo na mita 50 da kayanka a jiki, ka tsaya a ruwa mai zurfi minti biyu ba ka kama komai ba, ka kuma nutsa ka yi mita 5 ta ƙasa. Wata uku na yi ina zuwa ajin iyo na manya da daddare bayan na tashi daga aiki kafin in ci wannan gwajin. Bayan nan suka kai mu wurin wanka na cikin gini aka kifar da jirgi da mu da gangan, don mutum ya koyi zare ƙafarsa daga takalmin da ke maƙale a jirgin ya fito, kuma abun da koci ya yi ta nanatawa shi ne in jirgi ya kife kar ka kuskura ka sake shi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa, ka riƙe shi ka ɗora ƙirjinka a kai don shi ba ya nutsewa, sanyin ruwa kuma yana kashe ƙarfin gwanin iyo cikin 'yan mintuna. Wallahi ko da daga nan na tsaya ban ci gaba ba na ƙaru.

Tuƙin nasu ya bambanta da wanda muka sani a gida. Namu matuƙi na kallon inda zai je, filafili na hannunsa a sake. Nasu baya kake ba wa inda za ka, filafilin a ɗaure yake a wani ƙarfe da ya fito gefen jirgi, kujerar kuma tana da ƙananan tayoyi tana zamewa gaba da baya. Ni na ɗauka aikin damtse ne, ashe ƙarfin daga cinya yake fitowa, ka tura da ƙafa tukuna sannan ka kwanta baya kaɗan sannan hannu ya ƙarasa, in za ka dawo kuma hannu ya fara tafiya sai gangar jiki sai gwiwa ta lanƙwashe a ƙarshe. Faɗinsa da sauƙi. Sati shida muka yi a ajin koyo, farko a kan injin tuƙi na Concept2 da ke cikin ɗaki, sannan a wani jirgi mai faɗi da ba ya saurin kifewa, tafin hannu ya yi bororo ya fashe ya zama kanta. Akwai abun da suke kira kama ƙaguwa, filafili ya maƙale a ruwa ya dawo ya doke ka a ciki, duk ɗan koyo sai ya sha shi kuma ba mai yi maka dariya don kowa ta nan ya bi.

Abun da ya fi burge ni, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙar, shi ne yanda suka raba mutane. Ba a haɗa kowa a ce ku yi ta gudu wanda ya faɗi ya faɗi. Yara ƙanana irin 'yata lokacin da ta fara, filafili biyu ake ba su ɗaya a kowane hannu, ba a yarda su riƙe guda ɗaya babba ta gefe ɗaya ba sai sun kai wajen 15 ko 16, saboda ƙashin baya na kan girma kar a karkatar da shi. Sau biyu ko uku a sati, rabi wasa ne, a ce su miƙe tsaye a cikin jirgi, su saki filafili su tafa, duk don su saba da ruwa su daina tsoro. Ba ɗaga ƙarfe mai nauyi, ba a damu da waye ya zo na ɗaya ba. Yanzu da ta kai 15 abun ya canza, kwana huɗu zuwa biyar take zuwa, an fara auna lokacinta, amma in jarrabawa ta gabato kocinsu da kanta take rage musu. Ga iyayen da za su yi tunanin sutura, da hijabinta na wasanni take yi da dogon wando, sharaɗin kawai kar kaya su yi yalwar da za su shige tayar kujera ko babban yatsa ya maƙale a riga.

Sai matasa 'yan 19 zuwa sama masu neman gasa da gaske, waɗannan kam rayuwarsu ce. Kafin in fito daga sallar asuba a lokacin hunturu su suna kan ruwa da fitila a goshin jirgi, da yamma su dawo kan inji, kwana shida a sati. Tsawon gasarsu mita 2,000 ne kamar na Olamfik, kuma muna da tafkin da aka haƙa musamman mai wannan tsawon a Holme Pierrepont nan gefen gari. Gwajin mita 2,000 a kan inji shi ne ma'aunin kowa, mazan da ke zuwa Olamfik suna gama shi ƙasa da minti 6, ni ranar farko minti 9 ya ɗan rage, yanzu ina 7 da sakan 40 da wani abu kuma ina alfahari da shi.

Mu kuma namu rukunin na manya daga shekara 27 yake farawa, an yi masa haruffa. A daga 27, B daga 36, C daga 43, D daga 50, E daga 55, daga nan duk shekara biyar sabon harafi har a wuce 80. Mita 1,000 muke yi ba 2,000 ba. In jirgin mutum huɗu ne ko takwas sai a haɗa shekarun a raba, mu a namu akwai mai 39, ni 47, mai 55 da mai 62, sai muka faɗa D. In aka rasa sa'anninku a gasa aka haɗa ku da waɗanda kuka girme su sai a ba ku 'yan sakanni ku fara tafiya. Kuma atisayen namu daban ne, wannan na koya da jikina, don a shekarar farko na so in bi yaran nan kafaɗa da kafaɗa kwankwasona ya riƙe sai da na yi sati biyar ban hau ruwa ba. Jikin ɗan 20 ya sha wuya yau gobe ya warware, na ɗan 47 sai ya samu kwana biyu. Yanzu sau uku nake fita, yawanci tuƙi ne a hankali bugu 18 zuwa 20 a minti, wanda za ka iya hira kana yi, mai tsanani sau ɗaya tak, ga miƙe jijiyoyi kafin da bayan. Suga na ya sauka, likita ya rage min maganin hawan jini, barci ma ya gyaru, Alhamdulillahi. Akwai ma rukunin da ba ruwansu da gasa sam, ran Lahadi su tuƙa zuwa sama su juyo su sha shayi, dattijuwar nan a cikinsu take.

Kar wani ya ce sai wanda ya fara da ƙuruciya ke kaiwa wani wuri. Helen Glover a 2008 ta fara taɓa filafili tana da shekara 22, a 2012 ita da Heather Stanning suka ciyo wa Birtaniya zinarenta na farko a Olamfik ɗin Landan. Steve Redgrave ya ci zinare a Olamfik biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, na ƙarshen yana fama da ciwon suga da aka gano masa a 1997, wannan ya ƙarfafa min gwiwa sosai. Ga Mohamed Sbihi, Musulmi ne mahaifinsa ɗan Maroko, ya ci zinare a Rio a 2016 kuma yana cikin mutum biyun da suka riƙe tutar Birtaniya a bikin buɗe Olamfik ɗin Tokyo. Da azumi in ya zo ni dai komawa nake kan inji bayan buɗa baki, kulob ɗin ba su taɓa yi min ƙorafi ba.

Na kusa da mu kuwa shi ne Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar, wanda ya shiga tseren mutum ɗaya a Landan a 2012 yana da shekara 35 bayan atisayen wata uku kacal. Shi ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta masa tafi wasu kuma suka ce bai kamata a kawo shi ba. Ni da na san abun da wata uku ke nufi a cikin siririn jirgin nan, a ce mutum ya yi mita 2,000 bai kife ba duniya na kallo, ina ganin namiji ne. Abun da ke cin raina shi ne mutumin da ya fito daga Yamai, garin da kogin Kwara ya ratsa, bai samu kulob ɗin da zai raine shi tun yana yaro ba. Najeriya ma sai a 2016 ta fara kai matuƙiya Olamfik, Chierika Ukogu, ita kuma a Amurka ta koya.

Malam Edita mu fa ba baƙin ruwa ba ne. Ga Sarkawa, ga bikin Rigata na Yawuri da ake tseren jirage, ga Argungu da ke yin nata tun 1934, ga Kainji ga Tiga ga Challawa ga tafkin Jabi a Abuja. Yaron da ya tashi a bakin kogi a Yawuri ya san ruwa fiye da duk wanda ke kulob ɗinmu. Amma ɗan birni da ɗan ƙauyen da ba na masunta ba fa, waye zai koya musu? Har yau in na tuna jirgin da ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya, sai in tuna daren da aka kifar da ni a wurin wanka ana ce min riƙe jirgin kar ka sake. Allah ya jiƙansu da rahama. Darasin awa ɗaya ne, kuma yaranmu ba sa samun sa.

Ban ce a sayo jiragen Turawa masu tsada ba, kulob ba da su yake farawa ba. Namu ma jiragen na kulob ne ba na mutum ɗaya ba, kociyoyin yawanci 'yan sa kai ne, mu muke wanke jirage mu share rumfa. A gida za a iya farawa da kwale-kwalen katako biyu, rigunan kariya, da Sarkin Ruwa da mutanensa a matsayin malamai tunda su suka san inda dorina take da inda ruwa ke ja, a nemi ma'aikacin lafiya ya duba maganar tsargiya don ruwan dam ba duka ne ake shiga ba. A ware ranar yara, ranar mata su kaɗai da mai koya musu mace, da safiyar magidanta irina masu suga da hawan jini, kowa da nasa ma'aunin, iyo kuma shi ne farko kafin kowa ya taka jirgi.

Roƙona dan Allah ku tura wakilinku Yawuri ko Argungu ba sai lokacin biki ba, ya zauna da matuƙan nan ya tambaye su a shekara nawa suke fara ba yaro filafili, me ake fara koya masa, kuma tsofaffinsu har zuwa yaushe suke tuƙi, ku buga mana a shafin wasanni da hotuna. Ina so in nuna wa 'yata da mutanen jirginmu, don sun sha tambayata yanda ake yi a wajenmu. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu muna da gasa ni da ita rana ɗaya, nata da safe namu bayan azahar, a taya mu da addu'a.

Wassalam, naku mai karatu daga Nottingham, Ingila.