Wasiƙa Zuwa ga Edita: A Duba Aljihun Talaka Kafin a Kammala Komawa Talabijin na Dijital

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan shirin mayar da talabijin na ƙasar nan daga tsohon tsarin analog zuwa na dijital, musamman abin da zai ci a aljihun masu ƙaramin ƙarfi irinmu na nan Zariya.

Maganar ba ta yau ba ce. Tun a 2006 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Janiba wadda ta sanya 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin kammala sauyin, wa'adin ya zo ya wuce, sai a Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos, sannan jiharmu ta Kaduna ta bi sahu a ƙarshen 2017. A lokacin an sanar cewa za a sayar da dikodar FreeTV ("talabijin kyauta"), wato akwatin da ke kamo tashoshin dijital, kan naira 1,500 bisa tallafin gwamnati, tare da kuɗin sabunta tashoshi na shekara naira 1,000. Ba na adawa da sauyin, domin duk wanda ya ga tsabtar hoton da yawan tashoshin ya san an samu ci gaba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake lissafa kuɗin kamar dikoda kaɗai magidanci zai saya. Mafi yawan gidajen da na sani a Tudun Wada da cikin birni har gobe tsohuwar talabijin mai doro suke kunnawa, wadda ba ta iya kama dijital da kanta. Bayan dikoda akwai eriyar waje, da dogon ƙarfen da za a ɗaura ta, da waya, da ladan yaron da zai hau rufi ya saita ta. Kuma dijital ba ya sassauci irin na tsohon tsari. A da, idan tasha ta yi nisa, hoto yakan zo da dishi-dishi amma mutum ya ji labarai ya gane fuskar mai karantawa. Yanzu kuwa ko dai hoton ya fito tangaran, ko ya kakkarye ya tsaya cak. Wannan na nufin mutumin ƙauyukan Giwa, Soba ko Maƙarfi, wanda ya fi kowa rashin hali, shi ne zai fi kowa kashe kuɗi kan eriya.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, tana sayar da ƙosai da safe. Da wahala ta tara kuɗin dikoda don yaran su daina zuwa gidan kallo da daddare, abin da kowace uwa ke tsoro. Da shekara ta zagayo aka rufe mata tashoshi, ta zo tana tambayata, "Malam, ba cewa aka yi kyauta ce ba?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Naira dubu ɗaya ba komai ba ce a wurin mai albashi mai tsoka, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gida irin nata kowace naira da ta shigo da gurbinta, kuma ko ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya gama da hatsi, haya da kuɗin makaranta kafin ya waiwayi talabijin. Ga kuma wutar lantarki da ba ta zama, ta yadda mutum zai biya kuɗin shekara guda ya mori 'yan sa'o'i a mako.

Kada a ce wannan harkar nishaɗi ce kawai. Ta talabijin ake sanar da rigakafin yara, da ranakun zaɓe, da hasashen damina, kuma ta nan tsofaffin da ba sa iya fita suke kallon tafsirin azumi da hawan sallar Zazzau.

Gwamnati kuma ba asara take yi ba. Zangon iskar da tashoshin talabijin ke bari ana sayar da shi ga kamfanonin waya, kamar yadda NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta sayar wa MTN wani ɓangare kan naira biliyan 34 a 2015. Tun da dukiyar al'umma ce aka sayar, adalci shi ne wani kaso ya koma wajen ɗauke wa talaka nauyin sauyin.

Don haka ina kira ga NBC da Ma'aikatar Yaɗa Labarai da su yafe kuɗin shekara a kan tashoshin gwamnati, irin su NTA da ta jiha, ta yadda ko mutum bai sabunta ba labarai ba za su yanke masa ba. A raba dikoda mai rangwame ta hannun masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san gidan marayu da na gajiyayyu ɗaya bayan ɗaya, kuma a bayyana farashin a rediyo da Hausa don kada 'yan kasuwa su ninka shi. Sannan kada a kashe tsohon tsari a kowane yanki sai an aiko jami'ai sun shiga unguwanni da ƙauyuka sun tabbatar dikodar ta isa gidaje kuma tana kamawa.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.