Gumin 'yan aikatau: abin da ke faruwa da matan Brazil a ci-rani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana kan matan Brazil da ke ci-rani, domin halin da suke ciki ya yi kama da na 'yan aikatau a gidajenmu na Abuja.

A yankin Boston na Amurka, da dama daga cikinsu sharar gidaje suke yi. Macen da ta daɗe a gari takan tara gidajen da take sharewa, wani duk mako, wani bayan mako biyu. Wannan jerin gidaje jari ne, har sayar da shi ake yi idan mai shi za ta koma ƙasarsu. Sabuwar zuwa kuwa, ba Turanci, ba mota, wani lokacin ba takardun zama, sai ta shiga ƙarƙashin mai jerin a matsayin mataimakiya. Masu gida su biya uwar ɗakin kuɗin kowane gida, ita kuma ta yanka wa mataimakiyar kuɗin yini. A nan gizo ke saƙa: ko gida uku aka share ko biyar, abin da za ta karɓa ɗaya ne, kuma zaman mota tsakanin gida da gida ba ya shiga lissafi. Ga wankin banɗaki da bilic a wurin da iska ba ta shiga, babu safar hannu. Idan aka haɗa shi da sinadarin amoniya, hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Shi ya sa dokar da jihar Massachusetts, inda Boston take, ta yi a 2014 ta burge mu. Duk mai aikin gida na awa 16 ko fiye a mako, dole a rubuta mata yarjejeniya, albashi da ayyuka a fayyace.

A Brazil ɗin kanta an gyara tsarin mulki a 2013 domin kare masu aikin gida, sannan dokar 2015 ta ƙayyade awa 8 a rana, 44 a mako, da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan awannin da suka haura. Sai dai an bar ƙofa a buɗe. Wadda ke zuwa gida ɗaya kwana biyu kawai a mako ba ta cikin wannan kariya, kuma har yau mafi yawan masu aikin gida a ƙasar ba su da rajista.

Mu dawo gida. Dillaliya ta ɗauko yarinya daga ƙauye ta kawo Gwarinpa ko Kubwa, albashin ya riƙa bi ta hannunta, ta cire la'ada kowane wata, ita yarinyar ba ta ma san nawa ake biya ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafe ta ba, domin dokar ta tsame duk mai ma'aikata ƙasa da 25. Wannan zalunci ne, ko da uwar gida tana ciyar da ita tana yi mata ɗinkin sallah.

Kafin 'yan majalisa su toshe wannan giɓi, muna roƙon matan gida su rubuta takarda mai shafi ɗaya a gaban shaida: lokacin farawa da na tashi, ranar hutu a mako, ayyukan da aka ɗauke ta dominsu, da wanda zai biya kuɗin asibiti. A sallami dillaliya sau ɗaya tun farko, albashi kuma ya shiga asusun mai aikin kai tsaye. Idan ƙaramar yarinya ce da ya kamata tana makaranta, a kai rahoto ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Daga wasu masu bibiyar harkar ƙwadago,
Abuja.