Malam Edita, a daina daure fulogin kasan lagireto da filaya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ara min dan fili in yi magana da yan uwana direbobin manyan motoci da kuma kanikawa, akan wani dan abu da bai wuce girman babban yatsa ba amma yana iya kashe inji sukutum, wato fulogin nan na kasan lagireto da ake kwancewa in za a zubar da ruwa.

Abin da ke bani haushi shine da an ga yana diga sai yaron gareji ya dauko filaya ya kama kunnen fulogin ya murde iya karfinsa wai yana daurewa. To jama'a ba karfi bane ke tsare ruwan nan. Yawancin lagireton yanzu tsakiyarsa alminiyam ne tankunan kuma roba, fulogin shima roba, kuma a jikinsa akwai wani dan zobe na roba mai laushi, shi ne ke toshe ruwa. Tiredin, wato zanen murdin da ke jikin fulogin, aikinsa kawai ya rike fulogin a mazauninsa. In zoben ya bushe ya taurare ko ya baje saboda shekaru yana shan zafi da sanyi, ko ka daure har gobe sai ya diga, kuma karin daurin ba abinda zai jawo maka sai kan fulogin ya balle a hannunka ko tiredin cikin tanki ya cinye, wannan din kuma tankin ne ya tafi gaba daya saboda zoben da ko a tafin hannu baka jin nauyinsa.

Wani zai ce ai digo daya ne a minti, sai in rika kara ruwa. Digon da ka gani da safe inji na sanyi ba shi bane digon kan hanya. Marfin sama na lagireto yana rike firesha, wato matsin da ke cikin lagireto, wajen 13 zuwa 16 a ma'aunin psi a yawancin motoci, wannan fireshar ce ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da inji ya dau zafi ga kaya ga hawa, digon nan sai ya koma tsartuwa, firesha ta sauka, ruwa ya fara tafasa da wuri. Kuma abin tsoron shine in ruwa yayi kasa sosai har ya bar na'urar da ke auna zafi a bushe, allurar dashbod na iya yaudararka, kana ganin lafiya lau nan kuwa gasket, wato shimfidar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, na konewa.

Amma kafin a taba fulogin ma a tabbatar shi ne mai laifin. Shi ne a can kasa, duk ruwan da ya zubo daga bakin hos ko daga inda aka danne tanki da tsakiyar lagireto gangarowa yake ya taru a kansa ya diga, sai a dora masa laifin da ba nasa ba. Ka goge wajen tas da tsumma, ka haska tocila ka bi sama, in ka ga wani farin sawu ko kore-kore ya bushe ya gangaro kamar sawun hawaye a kumatun yaro, to ka bi shi har inda ya faro.

In shi din ne, a bari inji ya huce sarai, ba wai ya dan huce ba, ruwan nan yana sale fata. Ka tanadi sabon fulogi na irin lagireton da zobensa a kusa. Ka bar marfin sama a rufe, hakan zai sa ruwan ya rika fita a hankali ba da gudu ba. Ka kwance da hannu, kuma ka lura wasu ba a kwance su har karshe, kwata ko rabin juyi ake yi sannan a jawo, wanda bai sani ba sai yayi ta murdawa har ya karya yan kunnuwan da ke ciki. Ka sa yatsa da tsumma ka share mazaunin don sau da yawa tsatsa ko guntun tsohon zobe na makale a ciki. Sabon zoben ka jika shi da ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake zubawa a lagireto, banda bakin mai banda giris, don irin robar nan mai yana kumbura ta. Ka fara daurawa da yatsu, da ka ji ya zauna ka dan kara kadan shikenan. Farin tef din nan na masu famfo bashi da aiki anan.

To idan kan ya riga ya balle guntun ya rage a ciki fa? Kar a sa guduma. A dauki sukundireba mai fadin baki a gasa bakinta a wuta nesa da mota, a danna a tsakiyar guntun robar ta nutse kadan, a bar ta a haka ta huce robar ta kama ta, sannan a juya hagu a hankali, yawanci zai biyo. Masu saurin dauko diril su sani in bakin ya kauce kadan tiredin tanki zai ci. In wani gutsure ya fada ciki a cire hos din kasa a wanke da ruwa ya fito.

Tsofaffin motoci masu lagireton tagulla nasu daban ne, fulogin karfe ne mai fukafuki biyu, shi tiredinsa ne ke toshewa don haka tef yana masa amfani. Amma gindinsa da dalma aka like shi a jikin tanki, in ya cije a fesa man kwance tsatsa a jira, a rike gindin da sifana daya a juya da daya, in ba haka ba dalmar ce zata tsage.

Ni dai a nawa ganin in fulogi ya tsufa kuma baya diga, a kyale shi kawai, a zubar da ruwa ta hos din kasa, ya ma fi fitar da datti. Su kuma gam da garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto, na fita daga daji ne ka kai gareji, in ka mayar dashi gyara sai ya toshe maka kananan hanyoyin ruwan ma.

Ruwan da aka zubar a tare shi a roba a rufe, kulan yana da dan zaki kuma guba ne, dabba ko karamin yaro in ya sha yana lalata koda. Bayan an cika sabon ruwa a tada inji a kunna hita har ya kai zafinsa iska ta fita, a kashe, in ya huce a sake duba ruwan don kusan kullum sai ya dan sauka.

Na gode Malam Edita, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
Wani direban babbar mota