Sanarwa kan darasin ranar awo

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan awo. Don Allah wannan makon mu tsaya sosai kan kula da nono, tun kafin haihuwa.

Ku faɗa wa masu ciki ruwa kawai ya isa wanke kan nono, sabulu yana busar da fatar har ta tsage. Ku ɗauki ƴar tsana ku nuna musu kamu: bakin jariri a buɗe sosai, ya haɗa da baƙin kewayen, haɓarsa na taɓa nonon. Yawancin ciwon kan nono daga mugun kamu yake.

Dakashi kuwa, ina roƙonku, kada a matse a zubar. A sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, nono zalla har wata 6. Wadda ta zo da surukarta, a shigo da ita ta ji da kunnenta.